Filin Anti Likita: Idon mage a hoton sallah, da sauran tambayoyinku kan kansar yara

Assalamu alaikum mutanen Makka da Jidda da Madina da duk inda mujallar nan take isa. Wannan karon saƙonnin da suka shafi ciwon daji a jikin yara kawai na ɗauko, dan sun taru a hannuna, ga shi kuma Satumba ya kama, watan da aka ware dan wayar da kai a kan abun, shi ya sa zaku ga wasu ma'aikatan asibiti sun maƙala ɗan ƙyalle ruwan zinare a gaban riga. Masu tambayar basir da ciwon gwiwa ku yi min haƙuri sai fitowa ta gaba. Kamar kullum na cire sunaye.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ɗiyata ce shekararta ɗaya da wata bakwai, ranar babbar sallah mun yi hotuna da daddare a gidan yayata, sai na ga a hoto har uku idonta na dama ya yi ja kamar na sauran yaran amma na hagu fari tas yana ƙyalli kamar idon mage in an haska ta. Na nuna ma babanta yace filashin waya ne, uwar mijina kuma tace hakiya ce in dinga ɗiga mata nono ina sa mata kwalli. Yarinyar ba ta kuka, ba ta sosawa, wasanta take yi, sai dai kwanan nan idon yana ɗan karkacewa kamar harara garke. In jira ne ko in kai ta? Daga wata uwa, Shara Mansur, Makka.

AMSA: Ƙanwata ki ajiye mujallar nan ki nemi likitan ido, in son samu ne gobe da safe. Na ƙirga daga layya zuwa yau kusan wata uku kenan, jiran ya isa haka.

Bari in faɗa miki abun da ya sa na ɗaga murya. Jan nan da kike gani a idon yara in an yi hoto da filashi, haske ne ya shiga ta ƙwayar ido ya bugi bangon da ke can ciki, mai jijiyoyin jini, ya dawo ja. Wannan shi ne lafiya. In ya dawo fari toh akwai abun da ya tare hanya. Wani lokacin babanta yana da gaskiya, in yaro ya kalli gefe hoto ɗaya zai iya fitowa haka ba komai, wani lokacin kuma yanar ido ce da ake haifar yaro da ita, ita ma aiki take so da wuri. Amma hoto uku, ido ɗaya, ga karkacewa ta biyo baya, dole a cire shakkar wata kansa da ake kira ratinobilastoma, wadda take tsirowa a wancan bangon na cikin ido, kuma kusan duk yaran da take kamawa ba su kai shekara 5 ba. Alamunta guda biyu da aka fi fara gani su ne dai waɗanda kika lissafa. Ba ta ciwo a farko, shi ya sa take yaudarar iyaye, yaro na ta guje-guje ana cewa ai lafiyarshi lau.

Ban ce ita ce ba fa, daga nan Jidda ba zan iya ganin cikin idon ɗiyarki ba. Abun da nace a je a duba. Ki je markaz sihhi, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ko mustausaf, wato kilinik, wanda ta'amin ɗinku, inshorar lafiya, ya yarda da shi, ki buɗe wayar ki nuna ma likita hotunan da hannunki, kar ki goge su, ki ce kina son tahwil, wato takardar turawa, zuwa likitan ido na yara. Abun da ya kamata a yi shi ne a ɗiga mata maganin da zai buɗe ƙwayar idon a leƙa can ciki, duka ido biyun, wani sa'in sai an sa yaro barci dan a gani da kyau. In wani ya haska mata tocila daga waje ya rubuta miki maganin ɗigawa na sati biyu yace ki dawo, ki yi godiya ki wuce gaba wajen wani. In an ba ki mau'idi, wato ranar ganin likita, sai nan da wata biyu ko uku kar ki karɓa ki yi shiru, ki maimaita musu farin ƙwayar ido ne a jaririya, kowane likita ya san wannan ba a sa shi a dogon layi.

In har ita ce, a ƙasashen da ake kama ta da wuri fiye da yara 9 cikin 10 suna rayuwa, kuma ƙasar nan akwai wuraren da suka ƙware, asibitin ido na Sarki Khalid da asibitin Sarki Faisal duk a Riyad suna wannan aikin. In ƙarin ƙarami ne ana ƙona shi da leza ko a daskarar da shi da sanyi, ko a yi kimawi, wato maganin kansa mai ƙarfi da ake sawa a jini, ya motse, idon ya tsira. In ya cika idon kuma sai an cire, a sa na roba wanda in ba an faɗa miki ba da wuya ki gane. Nasan wannan maganar ita ke sa iyaye gudu. Shekarun baya na ga wani yaro, kyakkyawa mai dimple, uban da ya ji an ambaci cire ido sai ya naɗe takardun ya sa a aljihun jallabiya yace zai yi shawara. Shawarar ta ɗau wata bakwai. Ranar da suka dawo uwar ta rufa ma yaron gefen mayafinta a fuska, da ta ɗaga idon ya turo waje kamar lemon tsami, ciwon ya riga ya bi jijiya ya shige ciki. Har yau in na tuna yadda uban nan ya dinga cewa Dakta yanzu na yarda a cire, sai in ji abinci ya fita raina.

Abu na ƙarshe, kusan kashi 40 cikin 100 na wannan ciwon irin wanda ake gado ne, dan haka in aka tabbatar, ƙannenta da yayyenta ƙanana su ma sai an duba su, har jaririn da za ki haifa gaba. Ki tambayi mijinki da mamanki ko akwai wanda aka taɓa cire ma ido yana ƙarami a dangi. Nono da kwalli kuma ki ba Hajiya haƙuri cikin ladabi, ba sa kaiwa inda abun yake.

TAMBAYA: Dakta ni direba ne a Jidda. Yarona ɗan shekara 4 an ce yana da kansar jini, da farko zazzaɓi ne ya ƙi tafiya da ciwon ƙafa da haɓo, har muka ɗauka sikila ce. An yi mishi kimawi wata ɗaya, jiya aka ɗebi ɓargo aka ce ba a ga ciwon ba alhamdulillah. Amma sun ce wai za a ci gaba sama da shekara biyu. Yaron ya kumbura, fuska kamar faranti, ci kamar gara, ga faɗa, gashi ya zube. Mahaifiyata tace tunda Allah ya ba shi lafiya a daina zuba mishi guba, a koma zamzam da habbatus sauda da nonon raƙumi, kuma allurar bayan nan da suke mishi za ta gurgunta shi. Na rasa yadda zan yi da maganar uwa.

AMSA: Malam Allah ya ƙara mishi lafiya, sakamakon da kuka samu jiya shi ake addu'ar samu a ƙarshen watan farko. Amma "ba a gani ba" daban, "babu" daban. Duk wanda ya taɓa zama a tsohon gida a Jidda ya san kuɗin cizo. Ka fesa magani yau, gobe ka ɗaga katifa ba ko ɗaya, ka yi barci mai daɗi sati biyu, sai ga su sun dawo dan ƙwayayen suna nan a cikin tsagar katako. Haka kansar jini take. Watan farko yana kashe mafi yawa har madubin likita ya daina gani, amma akwai ragowa da suka ɓuya, kuma in aka tsaya a nan kusan tabbas ne za ta dawo, in ta dawo kuma ta fi taurin kai. Shekara biyu da ɗoriyar nan ba son kuɗi ba ne, an gwada gajeren magani a baya an ga yadda yara suka dinga komawa. Irin wannan kansar jinin ita ce aka fi samu a yara, ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 5, kuma inda ake kammala magani kusan 9 cikin 10 suna warkewa su girma su yi aure. A 1948 da wani likita Sidney Farber a Boston ta Amurka ya fara ba da rahoton magani ya kwantar da ita, 'yan watanni kawai yaran suke samu ta dawo. Abun da ya canza lissafin shi ne haɗa magunguna da yawa da kuma daɗewa ana yi.

Kumburin fuska da cin nan da rigima duk aikin kotizon ne, ɗaya daga cikin magungunan da ake ba shi, in an rage shi za su sauka. Ku rage mishi gishiri da zaƙi, ku yi haƙuri da faɗan, ba rashin tarbiyya ba ne. Watannin farko su ne masu zafi, daga baya yawanci ƙwayoyi ne a gida da zuwa asibiti jefi-jefi, yara da yawa har makaranta suke komawa.

Allurar baya kuma, ka faɗa ma Hajiya ana yin ta ne a can ƙasan baya, ƙasa da inda lakar ta ƙare. Dalilinta shi ne maganin da ake sawa a jini ba ya shiga ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa sosai, ciwon kuma ya san da haka, can yake zuwa ya laɓe.

Yanzu maganar uwa. Ni ba zan ce ka yi mata gardama ba, kuma tsoro ne yake sa ta magana, jikanta take gani ya canza kama. Ka ɗauke ta ku je mau'idi na gaba tare, ta zauna gaban likitan ta yi tambayarta da bakinta, in Larabcinta bai kai ba ka fassara mata. Ka ba ta aikin da yake nata, tofi safe da yamma, addu'a, zamzam ya sha ya shafa, babu likitan da zai hana wannan. Hadisi ne ingantacce cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, toh kimawin ma a cikin halittarSa aka samo. Ɗaya daga cikin magungunan da ake ma yaronka, binkiristin, daga wata fulawa ake ciro shi, asalinta Madagaska, ita ce ɗin nan mai fure fari da ruwan hoda da ake shukawa a bakin titi Larabawa suna ce mata winka. Kar wani ya je ya tsinko ya dafa fa, guba ce, sai an tace an auna. Amma nonon raƙumi ɗanye wanda ba a tafasa ba, wannan kam a'a, garkuwar jikin yaron a ƙasa take yanzu, ƙwayar cutar da kai za ka sha ka tashi shi za ta iya kwantar da shi. Duk wani jiƙo ko garin magani ko na attar ne, mai shagon maganin gargajiya, a nuna ma likitanshi tukun, wasu suna wahalar da hanta, hantar kuma dama aiki ya mata yawa.

Ka sayi ma'aunin zafin jiki ka ajiye a gida. In ya kai 38 ko ƙarfe ukun dare ne ku tafi ɗawari, wato sashen gaggawa, ka faɗa musu tun daga ƙofa yaron yana kan kimawi, kar a ba shi maganin zazzaɓi a ce bari mu gani zuwa safe. Ku nisanta shi da mai ƙarambau ko ƙyanda. Nasan kuma zuciya za ta ce a kai shi Harami a yi ɗawafi da shi, ka tambayi likitan wane lokaci jininshi ya hau, kuma ba a cikin cunkoson azumi ba.

TAMBAYA: Anti ɗan kishiyata ne aka ce yana da kansa a ƙoda, cikinshi ya yi ƙato gefe ɗaya, tana mishi wanka ta ji abu mai tauri. Gida ɗaya muke, kwano ɗaya yaran suke ci. Yarana za su iya ɗauka? Kuma wlh Anti dangin ta sun fara yada magana wai hannu aka sa mishi, ni ake nufi. Daga Madina.

AMSA: Ba a ɗaukar kansa, ko a kwano ko a shimfiɗa ko a numfashi. Su ci tare su yi wasa tare. In ma akwai wanda za a kare toh shi ne, in naki suna mura ko gudawa ki ɗan janye su. Abun da kika kwatanta ya yi kama da ƙarin ƙodar yara da ake kira Wilms, ya fi fitowa wajen shekara 3 zuwa 4, kuma yawanci haka ake gano shi, uwa tana wanka ta ji dutse a ciki. Yana cikin masu jin magani sosai, ana haɗa kimawi da tiyata, mutum kuma yana rayuwa lafiya da ƙoda ɗaya. A daina danna cikin ana gwadawa, kowa ya shigo sai ya taɓa, a bari.

Zancen hannu kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yara da matasa kusan 400,000 ne ke kamuwa da kansa duk shekara, har a ƙasashen da ba a san kishiya ba. Mafi yawan kansar yara ba abinci ba ne ya kawo ta, ba waya ba, ba sakacin uwa ba, kuskure ne yake faruwa a cikin ƙwayoyin halitta lokacin da jiki ke girma, kusan kashi 10 cikin 100 ne ake dangantawa da gado. Ke dai kar ki tsaya rantse-rantse. Uwar da ke jinya kwana take a asibiti, ki riƙe mata sauran yaran, ki aika da abinci, mai gidan kuma shi ya kamata ya tsawatar ma masu maganar, ki faɗa mishi a ɗaki ba a tsakar gida ba.

TAMBAYA: 'Yata likita, ni tsohuwa ce shekarata talatin a Makka. Jikana yana can ƙauye a gida Najeriya, shekararshi 7, an turo min hoto kumatunshi ɗaya ya kumbura cikin sati uku har haƙora suna girgiɗi. Sun ce hangum ne, wasu sun ce daji ne kuma daji ba ya son allura, in ƙarfe ya taɓa shi watsuwa yake. Na aika da zamzam da kuɗin mai magani. Me kuma zan yi?

AMSA: Hajiya ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Hangum kwana goma ne ya sauka, kuma ba ya girgiɗa haƙori. Kumburin muƙamuƙi mai gudu haka a yaro ɗan wannan shekarun, a ƙasar da sauro ya yi yawa, mu abun da muke fara tunani shi ne kansar Burkit. Wani likita Denis Burkitt ne ya fara bayaninta a 1958 bayan ya ga yara da irin wannan kumatun a Uganda, daga baya aka gano tana da alaƙa da wata ƙwayar cuta da kuma yawan zazzaɓin cizon sauro. A duk kansar da ke kama ɗan adam tana cikin masu saurin girma, cikin kwana ɗaya zuwa biyu za ta iya ninkawa. Amma saurin nan nata shi ne kuma rauninta, dan kimawi masu saurin girma ya fi kamawa, za ki ga kumatun da ya kai ƙwarya ya fara saɓewa cikin 'yan kwanaki.

Maganar daji ba ya son allura na taso ina jin ta a bakin kakata, kuma na gane inda ta samo asali. Mutane ba sa zuwa asibiti sai abu ya ci ya cinye, a yi allura mutum ya rasu, sai a ce allurar ce. Ba ita ba ce Hajiya, lattin ne. Kuɗin da za ki aika gaba kar ya bi ta hannun mai magani, ki samu mutum ɗaya mai amana ki ce kuɗin mota ne da gwaji, a kai yaron babban asibitin koyarwa mafi kusa da su, na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya ko na Sakkwato ko Maiduguri, ɓangaren yara, satin nan. Kar a tsaga, kar a yi sakiya, kar a cire haƙoran, kar kuma mai kemis ya ba shi kotizon dan yana rage kumburin na ɗan lokaci ya rikita gwajin. Ki kira uban da kanki, maganarki ta fi tawa nauyi a wajenshi.

Hukumar Lafiya ta Duniya tace a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 na yara masu kansa suna warkewa, a ƙasashe da yawa irin namu kuma ba su kai 30 ba, shi ya sa a 2018 ta ɗau alwashin a kai aƙalla 60 nan da 2030. Ciwon iri ɗaya ne a ko'ina, abun da ya raba shi ne zuwa a makare, da rashin kuɗi, da barin magani a tsakiya. In sun fara ki tsaya musu har su gama.

Mutum uku sun tambaye ni maganar kuɗi da takardu, har da wanda iƙamarshi, wato takardar zama, ta mutu da wanda ta'amin ɗinshi ya ƙare a tsakiyar magani. Amsa ɗaya zan ba ku. Kowane babban asibiti yana da ofishin khidma ijtima'iyya, wato ofishin jin daɗin jama'a, ku nemi shi tun ranar farko, ku faɗi gaskiyar halin da kuke ciki, su suka san ƙungiyoyin agajin da ke karɓar irin fayil ɗinku da manhajar Shifa da ake tara ma marasa ƙarfi kuɗin jinya. Akwai kuma ƙungiyar Sanad da aikinta kenan tallafa ma yara masu kansa da iyayensu. Ku riƙe kwafin kowane rahoton likita da sakamakon gwaji a jaka ɗaya, ku ɗauki hotonsu a waya, dan in ta kama a koma gida a ƙarasa magani likitan can ya san inda aka tsaya. Lambar 937 ta ma'aikatar lafiya kuma ana samun likita a kai dare da rana.

TAMBAYA: Anti ni shekarata 13. Ƙanwata tana shan kimawi gashinta duk ya zube har gira, ta daina zuwa tahfiz dan wata ta ja mata hijabi aka yi dariya. Da ni nake mata kitso duk Juma'a. Zai dawo?

AMSA: Zai dawo ɗiyata. In aka gama mai ƙarfin, cikin 'yan makonni za ki ga ya fara tsirowa laushi-laushi kamar na jariri, wani lokacin ma ya fi na da kyau ko ya canza kama kaɗan. Ki faɗa ma Mama ta yi magana da mu'allimar tahfiz ɗin a kan yarinyar da ta ja hijabin. Juma'ar nan kuma kar ki bar ta ta wuce haka, ki shafa mata mai a kan a hankali kamar yadda kike yi kafin kitso, ki ɗaura mata ɗankwali irin ɗaurin manya, in likitanta ya yarda ki zana mata jan lalle na gargajiya a hannu, banda baƙin nan mai haɗin kemikal. In gashin ya kai a kama, kalaba manya-manya za ki fara yi mata, kar ki ja da ƙarfi.